Mutumin da Ya Cika Jirgi

Bala ya ɗora tsakuwa ta goma sha uku a cikin kwanon shan. Kwanon ya ɗan karkata, ruwa ya leƙo ta gefe, sai ya yi ƙasa a cikin rabin duron da yake gwada tayub. Ya ɗago kai ya dubi wayar da ya jingina da tsohuwar taya.

"To, kun gani da idonku. Da sha biyu yana tafiyarsa lafiya lau. Ɗaya tak na ƙara. Jirgin fito ma haka yake, in ya cika ya cika. Ko mahaifinka ne ya iso bakin ruwa, ka ce masa Baba yi haƙuri, sai sawu na gaba."

"Malam, faci na kawo ko wa'azi na zo saurare?" in ji wani mai adaidaita da ya gaji da jira a bakin rumfar.

Bala ya kashe wayar, ya tsamo kwanon, ya ɗauki ƙarfen cire taya. Shekara huɗu ke nan yana faci a nan gefen Ƙofar Kuyambana, daidai inda ganuwa ta zaizaye ta zama tudun awaki. Kafin nan mai fito ne a kogin Galma, sana'ar da ya gada wajen mahaifinsa. Yanzu kuwa duk ruwan da ya rage masa a duniya shi ne na rabin duron nan, shi ma sai ya yi kore yake tunawa ya canja shi.

Mabiya dubu sittin da ɗoriya yake da su a Tiktok, amma shi kansa ya san ba kwano da tsakuwa suka tara su ba. In ya yi bayanin rigar ruwa, yadda ake ɗaure igiyarta sosai kada ta zame ta kai, mutum ɗari uku ne za su kalla, rabinsu ma su wuce tun bai gama sallama ba. In ya ce kada a haye bayan hadari ya haɗu, wani ya rubuta masa cewa kwana in ya ƙare ko a gado ne sai an tafi. Ranar da ya zauna ya ba da labarin yadda jirginsa ya kife a mashigin Kurmin Maje, ya kira sunayen mutum tara ɗaya bayan ɗaya har muryarsa ta karye, wannan bidiyon ne ya zaga ko'ina. Tun daga nan duk abin da ya ɗora, roƙo ɗaya ne a ƙasa: ka sake ba mu labarin ranar. Shi kuwa yana sakewa, don in bai sake ba babu mai tsayawa ya ji zancen rigar ruwan. Ya tsani abin, wallahi ya tsana, amma bai san wata hanya ba.

A cikin wancan bidiyon cewa ya yi, "Ni na cika jirgin." Daga nan ya ja bakinsa ya yi shiru. Masu kallo suka ƙarasa masa da kansu, suka ce kwaɗayin kuɗin fito ne. Wasu su tsine masa, wasu su ce ai ya tuba, a ƙyale bawan Allah. Ba wanda ya taɓa tambayar babur ɗin da ke cikin jirgin na wane ne.

Na Malam Yahaya ne, malaminsa kuma surukinsa. A gabansa Bala ya yi karatun littattafai yana saurayi, a wani zaure cikin birnin nan, kuma shi ya ɗauki 'yarsa Radiya ya ba shi, dangi na ta ƙorafin a ce 'yar birni za a kai bakin kogi. Malam yana da gona a hayin ruwa. Ranar, ƙarshen damina ne, jirgi ya riga ya cika da 'yan kasuwa, sai ga shi ya gangaro da buhu shida na sabuwar masara da babur ɗinsa. Bala ya durƙusa ya gaishe shi. Maganar tana kan harshensa Malam ya dubi masu dako ya ce, "Ku ɗora, ina da karatu bayan magariba." Shi ke nan fa. Mutumin da ba ka iya kallon idonsa, ba ka faɗin sunansa, ko ruwa ba ka sha a gabansa, ta ina za ka fara ce masa a'a a bainar jama'a? Suna kaiwa tsakiya inda ruwa ke juyawa, jirgin ya sha ruwa ta baya. Malam yana cikin mutum taran.

Waɗanda suka tsira sun ji abin da Malam ya ce. To amma wa zai ɗora laifi a kan malami, mamaci kuma, alhali ga mai jirgi a raye? Ƙauyen ya yi wa Bala zafi, sai iyalan Malam suka kira shi birni, suka buɗe musu ɗaki a cikin gida shi da Radiya da 'yarsu Umaima. Har yau mutanen unguwa suna ba da misali da gidan, suna cewa wanda ya kashe musu uba suka ba wajen kwana. Bala yana ji, yana sunkuyar da kai, yana cin tuwon gidan.

Ya gama facin, mai adaidaita ya tafi yana mita. Hantsi ya ɗaga lokacin da ya ga wani saƙon murya ya shigo daga lambar da bai sani ba. Ya goge hannu a wando ya kunna.

"Salamu alaikum, Malam Bala. Sunana Bashir, ina fito a mashigin Ɗorawa, ƙasa kaɗan da wajenku. Kullum ina kallon abinka, har na sayi rigunan ruwa huɗu. To yau ina cikin wani hali. Ƙanwar matata za a kai ɗakinta a hayi bayan la'asar. Surukina Malam Nasidi ya ce da amarya da 'yan rakiya da gara da sauran kayan ɗaki duk sawu ɗaya za a yi, wai in aka rarraba dangin ango za su raina kayan. Ga ruwa ya kawo. Na tura matata ta faɗa masa, ya ce yana haye kogin nan tun ba a haife ni ba. Kai kullum cewa kake ko ubanka ne ka ce a'a. Uba ai da sauƙi, Malam. Suruki fa? Don Allah ka yi mana magana guda ta manya, in sa a kunna kusa da shi. Ni dai ban taɓa yarda da abin da ake faɗa a kanka ba. Mai magana irin taka ba ya cika jirgi don kuɗi."

Sau uku Bala ya saurara. A na uku ya zauna a kan tayar. Cikin mutum dubu sittin, yau ga wanda ya zo da tambayar gaske, kuma ga shi da amsarta a baki. Ya san dattijon ƙauye. Tsakuwa a kwano dariya kawai za ta ba shi. Abin da zai iya girgiza shi shi ne ya ji cewa wani dattijo ɗan'uwansa, mai ilimi ma da daraja, ya taɓa cewa ku ɗora, yaro ya ji kunya, aka jera gawa tara a bakin ruwa. Wannan labarin kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai. Saƙon murya in ya fita ba ya dawowa, kafin magariba sai ya iso wayar kowa a unguwa.

Ya ja buhu ya rufe injin iska, ya kama hanyar gida. Lungunan birni ba sa barin mutum ya yi sauri. Nan kwata ta raba hanya biyu, can babur ya tare, gaba kuma masu aikin babbar riga sun baje tabarma a inuwar zaure sai an tsaya an gaisa. Ya gaisa da kowa yadda ya kamata, bai ji ko ɗaya daga cikin amsoshinsu ba.

Radiya tana tsakar gida tana tsame awara daga mai. Ita ce mai karanta masa abin da mutane ke rubutawa, don shi boko yana ba shi wahala, ajami ya fi ganewa. Zagin tsallake shi take yi, shi kuma yana ganewa daga yadda babban yatsanta ke gudu a kan wayar.

"Baban Umaima, yau da wuri haka? Ko iskar ce ta ƙare?"

"Hajiya ta idar da walaha?"

Ta ajiye matsamin ta dube shi. Shekara huɗu bai taɓa neman ganin mahaifiyarta ba in ba gaisuwar safe ba, ita ma daga bakin ƙofa.

"Lafiya dai?"

"Lafiya. Magana ce 'yar kaɗan."

"In zancen Yaya Zaharaddeen ne, ka rabu da shi. Jiya ma ya ce wai bidiyon nan naka yana tayar mana da tsohon ciwo, har a ofis ana nuna masa. Na ce masa mutum yana ƙoƙarin gyara abin da ya ɓata, a bar shi mana." Ta juya awarar da ke cikin mai, muryarta ta yi laushi. "Mu fa mun yafe tuntuni. Baba da yana raye, shi zai fara yafe maka."

Bala ya ce, "Haka ne."

Bai taɓa jin nauyin wata magana kamar wannan ba, kuma kusan duk wata sai ta faɗa masa, da zuciya ɗaya.

Ɗakin Hajiya Delu yana can ƙuryar gida, da labule mai ruwan ƙasa a ƙofa. Bala ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a gefen ƙofar, ya yi sallama. Ya jira sai da ya ji Radiya ta shiga kicin da kaskon.

"Wa alaikumus salam," in ji muryar daga ciki. Ba ta ɗaga labulen ba, ba ta kuma kira sunansa ba, ba ta taɓa kira ba. "An dawo?"

"An dawo, Hajiya. Barka da hutawa."

"Barka kadai. Ya aikin?"

"Da godiya."

Yana jin ƙarar carbi, ɗaya bayan ɗaya. Ya fara da labarin Bashir, don shi ne mai sauƙin faɗa: amarya, gara, sawu ɗaya, ruwa ya kawo. Da ya zo inda zai faɗi nasa, sai ya gyara tsugunonsa. Ya dubi ƙasa, ya ga tururuwa tana jan ƙwayar gero.

"Hajiya, ranar da abin nan ya faru, akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Jirgin ya riga ya cika kafin..."

"Kafin Malam ya iso."

Carbin ya tsaya. Bala ya ɗago kai ya dubi labulen, abin da bai taɓa yi ba.

"Shekara talatin da takwas na yi da Malam," in ji Hajiya Delu a hankali. "Ko ruwan alwala ya ce a kawo, ba a ce masa anjima. Da aka kawo shi aka ce da babur da buhunan masara a jirgin, na san babur ɗin wane ne, na san masarar wace gona ce. Kuma na san tarbiyyar wanda ke riƙe da gorar tuƙa jirgin, ai a gidan nan aka ba shi ita. An ɗauka ni ban san komai ba don ina cikin ɗaki?"

"Tun ranar kika sani?"

"Tun ranar. Shi ya sa na ce a buɗe ɗakin nan."

Bala bai san ko sauƙi ya ji ko baƙin ciki ba. Shekara huɗu yana tsugunawa a ƙofar nan kowace safiya kamar ɓarawon da aka yi wa afuwa, ashe ta bayan labulen ta san bai saci komai ba.

"To Hajiya, a ba ni izini in faɗa. Ba don in wanke kaina ba. Mata ne da yara za su shiga ruwan nan yau. In dattijon ya ji, wataƙila..."

"Wataƙila. In bai ji ba fa? An tona Malam a kabarinsa a banza." Ta ja numfashi. "Ɗalibansa har gobe suna zuwa zaure suna yi masa addu'a. Iyalan mutum takwas ɗin nan, yau in suka ji, ƙofar gidan nan za su zo. Radiya kuma? Yarinyar nan ubanta take gani kamar ba ya kuskure. Za a ce mata shi ya yi sanadin mutanen, a waya, duniya na kallo?"

"Hajiya..."

"Na san an cuce ka. Na sani, kuma da ni a ciki, Allah Ya yafe mini. Amma ban taɓa roƙon komai a wajenka ba, yau ina roƙo. Don Allah, don darajar karatun da aka yi a gabansa, kada sunan Malam ya shiga wayar nan."

Tsohuwa ce, surukarsa ce, kuma ta haɗa shi da Allah. Bala ya ji maganar tana kan harshensa, daidai inda ta tsaya shekara huɗu da suka wuce. Ya haɗiye ta.

"To, Hajiya."

"Allah Ya yi albarka."

Ya fito zaure ya jingina da bango. Ya kunna kyamara, ya fara magana a kan dattawa da girman da Allah Ya ba su, da yadda ruwa bai san babba ba. Ko shi da ya saurara bai ji komai ba, sai ya goge. Ya kira lambar Bashir, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba, ya sake kira aka ce ba ta kan layi. Ladan ya kira azahar. Ya yi salla a masallacin ƙofar gida, yana sallamewa ya zura takalmi ya nufi tasha, ko awarar bai tsaya ɗauka ba.

Bas ɗin ta daɗe ba ta cika ba. Da ta cika kuma sai da aka ƙara mutum biyu a gaba, shi dai bai ce komai ba. A mararraba ya sauka ya hau acaɓa, suka bi wata hanya da damina ta cinye, dawa ta yi tsayi hagu da dama har tana dukan gwiwarsa. Tun kafin ya ga kogin ya ji ƙamshinsa, ƙamshin laka da ɗanyar ciyawa. Rabonsa da bakin ruwa tun ranar.

Galma ya cika ya yi ja, yana tafe da rassan itace. A mashigin Ɗorawa guɗa ce ke tashi. An riga an loda jirgin: katifa a naɗe, gado a kwance, kujeru, kwanuka a cikin buhu, buhunan shinkafa da jarkokin mai na gara. A saman kayan da gefensu mata sun fi ashirin sun zazzauna da kwalliyarsu, wasu da goyo, amarya a tsakiya an lulluɓe ta. Wasu biyar suna tudu suna jiran a matsa musu. Bala bai buƙaci ƙirgawa ba. Ya dubi gefen jirgin, bai fi yatsa uku ya rage ruwa ya shiga ba.

A ƙarshen jirgin wani dogon mutum yana tsaye da gora, kansa a ƙasa. Rigunan ruwa huɗu suna ƙarƙashin ƙafarsa, ba wadda ta yarda ta sa a kan leshinta. A tudu kuma ga wani dattijo da farar babbar riga da sanda yana nuna inda za a ƙara zama. Ba sai an faɗa masa wane ne Bashir, wane ne Malam Nasidi ba.

Bala ya ƙarasa ya durƙusa ya gaida dattijon.

"Baba, Allah Ya sa alheri. Jirgin nan ya yi nauyi. Da za a raba shi sawu uku, kafin magariba an gama."

Malam Nasidi ya dube shi daga hula har takalmi, ya tsaya a kan baƙin man da ke wandonsa.

"Kai kuma daga ina? Dangin ango ne?"

"A'a, Baba. Mai wucewa ne."

"To wuce."

Wata budurwa da ke ɗaukar bikin a waya ta juyo da wayar kansa, ta ƙura masa ido.

"La, Gwaggo, wannan ai shi ne na Tiktok. Wanda jirginsa ya kashe mutane a Kurmin Maje."

Guɗar ta tsaya. Wayoyi biyu, uku suka ƙara ɗagowa. Bashir ya ɗago kai, fuskarsa ta washe kamar wanda aka kawo wa ɗauki. Malam Nasidi kuwa ya buga sandarsa a ƙasa.

"Au, kai ne? Kai da ka zuba bayin Allah a ruwa don kwaɗayi, kai ne za ka koya mini hawa jirgi? Ni da nake haye kogin nan shekara hamsin, ko hulata ba ta taɓa jiƙewa ba?"

Tsayuwarsa, yadda ya riƙe sandar, har yadda ya juya yana ce wa matan tudu su shiga, duk Bala ya taɓa gani. 'Yan kalmomi sun isa. Baba, nawa surukin ma haka ya ce. Amma ga wayoyi a kansa, ga kuma "to" ɗin da ya bari a ƙofar Hajiya. Mace ta farko cikin biyar ɗin ta tattare zaninta ta ɗaga ƙafa.

Bala ya riga ta. Ya taka cikin ruwa da takalminsa, ya kama gefen jirgin ya haye. Jirgin ya yi lilo, ruwa ya ɗan zubo ciki, mata suka yi salati. Ya bi ta gefen kaya ya isa wajen Bashir, ya zare gorar daga hannunsa.

"Baba ya yi gaskiya," ya ce da ƙarfi, yadda na tudu ma za su ji. "Ku shigo, akwai wuri. Ni zan tuƙa ku, na saba da irin wannan lodin. Ranar ma daidai nan ruwa ya kawo, yatsa uku. Na dubi mutanen da suka rage a tudu, na ga kuɗi ne zai wuce ni, na ce a ƙara. Akwai mai goyo irin wannan, Sailuba sunanta, kwana biyu aka yi kafin a same ta, yaron yana ɗaure a bayanta. Ku shigo mana. Hajiya, miƙo hannunki."

Matar ta janye ƙafarta kamar ta taka wuta. Mai goyon da ya nuna ce ta fara miƙewa, ta dira cikin ruwa har gwiwa ba ta ko tattare zani ba. Sai sauran suka biyo, ana ture-ture, ana kiran sunan Allah, takalma na faɗawa cikin laka. Wata babbar mace, gwaggon amarya, ta rungumo amaryar ta fito da ita, tana waiwayen Bala tana tofar da yawu.

"Fita daga jirgin nan, la'ananne," in ji Malam Nasidi. "Ku fito mini da shi."

Samari biyu suka janyo shi, ɗaya ya haɗa masa da mangari a ƙeya. Ya faɗi a laka da hannu biyu, ya tashi, ya koma gefe ya tsaya. Dattijon ya juya ga matan.

"To ya fita. Ku koma."

Ba wadda ta motsa. Gwaggon amarya ta gyara mayafinta ta fuskanci yayanta.

"Yaya, ni dai ba zan sa 'yar nan a kan kayan nan ba, bayan abin da kunnena ya ji. Kaya su yi gaba. In mun ga jirgi ya dawo, ma shiga kaɗan-kaɗan. Dangin ango su ce abin da za su ce."

Malam Nasidi ya yi faɗa, ya ce an haɗa baki da mahaukaci an watsa masa biki, ya ce duk laifin wannan baƙin mutumin ne. Amma bai sake cewa a koma ba. Ya samu gindin ɗorawa ya zauna, ya juya wa kowa baya.

Sawu uku aka yi. Kaya suka haye da samari biyu, sannan amarya da manyan mata, gwaggon ma har ta karɓi rigar ruwa ta sa wa amaryar da hannunta. Bala yana tsaye can nesa, laka na bushewa a hannunsa, ba wanda ya matso kusa da shi. Yara suna nuna shi da baki. Budurwar nan ba ta sauke wayarta ba. Ya san kafin ya isa gida abin ya riga shi, ya san kuma wannan karon ba zagin da Radiya za ta iya tsallakewa, don da muryarsa za ta ji.

Da Bashir ya dawo ɗaukar sawun ƙarshe, ya kafe gorar ya hauro tudu, yana waige kada surukinsa ya gani. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Malam Bala, na gode. Allah ne Ya kawo ka." Ya murza hannuwansa. "Amma abin da ka faɗa ɗazu, don ka tsorata su ne ko? Ba don kuɗi ka cika jirgin nan ba, ko?"

Bala ya dube shi. A bayan kafaɗar Bashir budurwar ta matso taku biyu, wayar tana kallonsu.

"Don kuɗi ne," ya ce. "Je ka kwashe su, hadari na haɗuwa."

Bashir ya sauke idonsa, ya juya ya gangara wajen jirginsa ba tare da sallama ba.